Ko Gwanin Kwaleji Gwani Ne a Filin Manya?

Wasan ƙwallon kwando a makaranta aka haife shi. Cikin watan Disamba na 1891 wani malamin motsa jiki mutumin Kanada, James Naismith, ya ƙago shi a garin Springfield na ƙasar Amurka, domin ɗalibansa su sami abin yi a cikin ɗaki sa'ad da hunturu ya hana su fita. Ya sa aka kafe kwanduna biyu ƙafa goma daga ƙasa, ya rubuta dokoki 13. Kwalejoji suka karɓe wasan, har cikin 1939 suka kafa gasar fid da zakaran ƙasa. Sai cikin 1946 aka kafa ƙungiyar masu yin wasan don neman abinci, wadda ta sami sunan NBA cikin 1949.

To, tun daga 1947 kowace shekara ƙungiyoyin NBA sukan zauna su zaɓi samari sababbi, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka fi shan kashi a bara su ne kan sami zaɓin farko. Ga dukiya mai yawa za a zuba a kan yaro, ga kuma shekarun ƙungiya za a ɗora bisa wuyansa. Abin da masu zaɓe ke tambaya kullum ɗaya ne, watau shin gwanintar da aka gani a kwaleji za ta bi shi zuwa filin manya?

Da farko tambayar ba ta da wuya ƙwarai, gama wasannin biyu kusan ɗaya ne. George Mikan ya gagara a Jami'ar DePaul, ya zo Minneapolis ya kuma gagara. Amma ran 22 ga Nuwamba 1950 'yan Fort Wayne suka yi ta riƙe ƙwallo suna ƙin jefawa don tsoronsa, aka tashi 19 da 18, 'yan kallo na ta ihu. Irin wannan ya sa cikin 1954 NBA ta kafa doka, kowane gefe ya jefa kafin sakan 24 su cika, ko kuwa ya rasa ƙwallon. Kwalejoji ba su sa wa maza irin wannan agogo ba sai cikin 1985, shi ma na sakan 45. Daga nan hanya ta rabu. Wasan kwaleji minti 40 ne, na manya 48. Ɗalibi yakan buga wasa talatin da 'yan kai a shekara, ɗan NBA kuwa 82, yau yana wannan gari gobe yana wancan. Uwa uba, kwalejojin babban aji sun fi 350, amma waɗanda a kan zaɓa a shekara ba su wuce 60 ba. Kowa ka tarar a filin nan zakaran makarantarsu ne. Giwa a garin wani zomo ce.

Mutumin da ya fara gane inda maganar take shi ne Red Auerbach, mai horas da 'yan Boston. Cikin 1956 ya ba da 'yan wasansa biyu, Ed Macauley da Cliff Hagan, don ya sami Bill Russell na Jami'ar San Francisco. Russell ya ci wa makarantarsa gasar ƙasa sau biyu, amma an san ba gwanin jifa ba ne, saboda haka waɗansu suka yi shakka. Auerbach bai dubi jifa ba. Ya dubi yadda yaron ke tare ƙwallon abokan gaba a sama, da yadda yake cafke wanda ya kuskure kwando ya miƙa wa 'yan'uwansa su ruga. Cikin shekara 13 da Russell ya yi a Boston suka ci kofi sau 11, alhali makinsa a wasa ɗaya, in an daidaita, bai wuce 15 da ɗan abu ba.

Zaɓen 1984 ya isa a tsaya a kansa. Houston suka fara, suka ɗauki Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, wanda ya taso yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa, bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya kai wajen shekara 15. Zafin naman sawayensa da iya tare ƙwallo suka bi shi daga Jami'ar Houston, ya kawo wa garin kofi cikin 1994 da 1995. Portland suka biyo, suka ɗauki Sam Bowie, dogo ƙwarai, ko da yake sun san karayar ƙwabri ta zaunar da shi shekara biyu a Kentucky. Ƙafar nan ba ta bar shi ya sake ba. Na uku Chicago suka ɗauki Michael Jordan. A North Carolina, inda malaminsu Dean Smith ya tilasta a riƙa raba ƙwallo, makinsa 17.7 ne a wasa. A NBA ya tashi da 30.1. Ashe lissafin kwaleji kan ɓoye gwani kamar yadda yakan kumbura wanda bai kai ba.

Abin mamaki, Jordan ɗin nan da kansa yana shugabancin sha'anin wasa a Charlotte cikin 2006 sa'ad da suka ɗauki Adam Morrison na Gonzaga a zaɓi na uku. Morrison ya fi kowa maki a kwalejojin ƙasa a shekarar, 28.1 a wasa. Da ya shigo cikin manya sai ya tarar masu tsaronsa sun fi shi sauri, shi kuwa ba ya iya tsare kowa. Cikin 2007 jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Ya ƙare a Los Angeles, ya sami rabon kofi biyu yana zaune a benci.

A ganina babu misalin da ya fi na Stephen Curry da Jimmer Fredette fito da gaskiya fili. Tsawonsu kusan ɗaya, dukansu gajeru ne a ma'aunin wannan wasa, dukansu kuma maharba ne daga nesa. Curry ya fi kowa maki cikin 2009 da 28.6 a ƙaramar kwalejin Davidson, Fredette ya yi haka cikin 2011 da 28.9 a Brigham Young. In akawu ya jera takardunsu a tebur ba zai ga bambanci ba. An ɗauki Curry na bakwai, ana cewa ba shi da jiki. An ɗauki Fredette na goma. Amma Fredette ya saba ƙwallo yana hannunsa, sauran huɗun suna yi masa hidima, kuma ba a matsa masa ya yi tsaro ba don kada ya gaji. A Sacramento ba wanda zai yi masa wannan gata. Curry kuwa ko ba ya riƙe da ƙwallo ba ya tsayawa, yana ta zagaye bayan 'yan'uwansa har mai tsaronsa ya ɓace, in ya karɓa kafin ƙiftawar ido ya saki. Wannan dabara ba ruwanta da tsawon abokin gaba. Curry ya ci kofi huɗu da Golden State, cikin Disamba 2021 kuma ya wuce kowa a tarihin NBA yawan jifa mai maki uku. Fredette ya koma ƙasar Sin cikin 2016, inda aka sake danƙa masa ƙwallo, har ya ci maki 73 a wasa ɗaya cikin 2017.

Waɗansu ma ba su bi ta kwaleji ba sam. Kevin Garnett cikin 1995, Kobe Bryant cikin 1996 da LeBron James cikin 2003 daga sakandare suka wuce, har aka kafa doka cewa daga 2006 sai mai shekara 19. Nikola Jokić kuwa daga ƙasar Sabiya aka ɗauko shi cikin 2014, bayan an zaɓi mutum 40 kafinsa, sa'an nan aka naɗa shi gwanin shekara cikin 2021 da 2022 da 2024.