Kwantan Bincike: Labarin Tono Tsohon Kisa Zai Iya Zama a Ƙasar Jega?

A bakin 'yan kasuwar Jega, kwantai shi ne kayan da aka kasa, kasuwa ta watse ba a saya ba, aka mayar rumfa. Ban sami kalmar da ta fi wannan dacewa da abin da zan tattauna ba, wato kisan kai ko ɓatan mutum da aka yi ta bincike har aka gaji, aka jefa fayil a kabad, shekaru suka bi ta kansa. Zan kira shi kwantan bincike. A adabin Turai da Amurka akwai reshen ƙagaggun labarai da ya tsayu kacokan a kan wannan: masu bincike su haɗa kai, su kakkaɓe ƙurar tsohon fayil, su bi sawun da ya daɗe da shafewa. Da'awata ita ce irin wannan labari zai iya zama da gindinsa a Hausa, har a ƙauye kamar Jandutsi, amma ba da kayan aikin da Bature ya gina nasa ba.

A shekarar 1942 Agatha Christie ta fitar da Five Little Pigs, inda mai bincikenta ya koma kan kisan da aka yi shekara 16 baya, ba shi da komai sai abin da mutum biyar suka tuna. Daga 1965 zuwa 1975, Maj Sjöwall da Per Wahlöö na Suwidin suka rubuta littattafai goma da suka karkatar da hankali daga gwani guda zuwa ayarin 'yan sanda, kowa da gwanintarsa, kowa da rauninsa. A 2007 Jussi Adler-Olsen na Danmak ya haɗa biyun: ɗan sandan da manyansa suka gaji da shi, aka tura shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa da mataimaki da tarin fayilolin da kowa ya fid da rai da su. Ƙarfin wannan reshe a yau daga kimiyya yake. Tun da Alec Jeffreys ya gano hanyar tantance mutum da ƙwayoyin halitta a 1984, tsohon tufafin da aka adana ya zama shaida mai magana; da haka aka kama Joseph DeAngelo a Kalifoniya a 2018, kan laifuffukan shekarun 1970 da 1980. Ma'ajiya ce ginshiƙin labarin: takarda, hoto, rahoton likita, duk suna nan suna jiran mai duba.

To mu fa? Laifi bai taɓa ƙaranci a ƙagaggun labaranmu ba. Jiki Magayi, ɗaya daga littattafan gasar 1933, labarin ramuwa ne da kisa. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi ɗan ƙauyen da birni ya jefa cikin ɓarayi. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a farkon shekarun 1980, sun kai mu cikin 'yan ta'adda da 'yan fasa-ƙwauri. Sai dai a dukansu mai karatu ya san mai laifin tun da wuri, tare da shi yake tafiya. Abin da yake jira shi ne ranar da dubu za ta cika. Tambayar littafin Bature ita ce wa ya yi. Tambayar namu, yaushe alhaki zai kama shi. Karin maganarmu ma can ta karkata: alhaki kwikwiyo ne, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Inda aka tabbata ƙaddara za ta yi aikin, me za a yi da ɗan sandan ciki?

Amma kuskure ne a ce Bahaushe bai san kafa hujja da alama ba. Ɗan makarantar allo ya san rigar Annabi Yusuf da aka duba ko ta gaba ta yage ko ta baya, ya san kuma kisan da Banu Isra'ila suka yi ta tura wa juna a Suratul Baƙara. Magana Jari Ce na ɗauke da labaran da ake gano gaskiya da dabara. A karkara kuwa bin sawu sana'a ce, har ta bar mana karin magana cewa in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu, wadda ni a ganina ta ƙunshi rabin dabarar wannan adabi: shi ma mai binciken abin bincike ne.

Kwantan ma ba mu rasa shi ba. An kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin ƙunshin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba 1986. Maganar ta je gaban kwamitin Oputa, kuma a 2024 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta umarci a sake buɗe binciken. An harbe Bola Ige a gidansa na Ibadan ranar 23 ga Disamba 2001 yana ministan shari'a na ƙasa. An harbe Shaihu Ja'afar Mahmud Adam a masallacinsa na Ɗorayi, Kano, yana jan sallar asuba, ranar 13 ga Afrilu 2007. An sace Abubakar Idris Dadiyata a gidansa na Barnawa, Kaduna, a farkon Agustan 2019, har yau shiru. In na manya ya bi shanun sarki, ina ga falken da aka tsinci gawarsa a bakin fadama?

Nan ne nake ganin ƙasar Jega, Aliero da Maiyama ta dace da irin wannan labari fiye da yadda ake zato. Jega gari ne na mahaɗa tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi wajen 1820: ga Gulbin Zamfara, ga babbar hanyar Sakkwato zuwa Yawuri da Kwantagora, ga wadda ta nufi Birnin Kabi. Aliero na loda albasa zuwa kudu da ƙetare. Baƙo ya sauka yau, gobe ya wuce, ba wanda ya rubuta sunansa. A gefe guda kuma ga ƙauyukan da kowa ya san kakan kowa. Laifi yana son wurin da baƙunta da sanayya suka haɗu.

A ɗauka marubuci ya sa wani ɗan sanda mai ritaya ya koma kan kisan da ya gagare shi shekara talatin da suka wuce. Me zai tarar? Gawa an sallace ta, an rufe a ranar, kamar yadda addini da zafin ƙasa suka sa aka saba. Da wuya likita ya duba ta. Fayil kuwa, in an buɗe shi kafin a ƙirƙiro Jihar Kabi ranar 27 ga Agusta 1991, a ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato aka buɗe shi, sai a tambayi gara da ɗigar ruwa inda ya kwana. In kisan ya girmi haka da nisa, to ya faɗa zamanin 'yan doka da kotunan alƙalai na En'e, waɗanda aka sauya wa tsari a ƙarshen shekarun 1960, sai dai a leƙa gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Marubucin da ya ajiye ɗakin gwaje-gwaje a caji ofis na ƙaramar hukuma, mai karatu zai ture littafin ya ce tatsuniya ce.

Ma'ajiyarmu a ƙirjin mutane take. Shi ya sa ayarin masu bincike, wanda a wurin Bature salo ne, a wurinmu tilas ne, domin ba mutum ɗaya da ke iya shiga ko'ina. Tsohon ɗan sanda ba zai wuce zaure ba; tsohuwar da ta yi wankan gawa ko unguwarzoma ita ta san abin da aka raɗa a cikin gida. Dillali ko fatoma ya san wanda ya sauka da wanda ya bar kaya bai dawo ba. Tsohon magatakardan kotu ya tuna wanda ya ƙi rantsuwa. Maɗorin Aliero, garin da ya yi suna a ɗori har a ƙasashen maƙwabta, in ya ga ƙashi zai bambance karayar faɗuwa da ta duka. A sa musu matashiya daga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero mai naɗar murya da waya, ayari ya cika. Kuma abin da zai tare musu hanya ba rashin sani ba ne. A ƙauye sau da yawa an san wanda ya yi, rufin asiri ne da surukuta da tsoron mai iko suka ɗaure bakuna, aka ce an bar wa Allah. Aikin masu binciken shi ne gano dalilin da ya sa gari guda ya yi shiru.

Akwai kuma abin da littafin Bature ba shi da shi sam. A can, da an sa wa mai laifi ankwa labari ya ƙare, don hukuma ce mai ƙara. A fiƙihun Malikiyya, wanda ƙasar Gwandu ta Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Liya'ul Hukkami, ta ginu a kansa, kuma Jihar Kabi ta dawo da dokokinsa na laifuka a 2000, haƙƙin jini na magadan mamaci ne: ƙisasi, ko afuwa, ko sulhu a kan diyya. Inda shaidu ba su cika ba amma akwai alama mai ƙarfi, kamar furucin wanda aka sara kafin ya cika, akwai ƙasama, rantsuwa hamsin. Ko an yafe, mai kisan zai sha bulala ɗari da ɗaurin shekara. Kisan gilla kuwa ba ya karɓar afuwa. A duba abin da wannan zai ba marubuci: jinjirin da ke goye ranar da aka kashe ubansa yau shi ne waliyyin jini, wanda ya yi kisan kuma ya tsufa, wataƙila ma shi ya yi masa aure. Gano gaskiya a nan tsakiyar labari ne kawai.

Za a ce garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta, kuma a lokacin da 'yan bindiga ke kashe jama'a da rana tsaka, wa ke da sukunin gawa ɗaya ta shekara talatin? Ban raina wannan suka ba, musamman ɓangarenta na farko, don littafin da ya yi kama da wani gida na gaskiya zai iya hura wutar gaba. Dole a ƙagi suna, a ƙagi unguwa. Na biyun ne ban yarda da shi ba. Inda kisa ya koma lissafi a labaran rediyo, inda zargi kaɗai ya isa taron jama'a su ɗauki doka a hannu, labarin da ya tsaya kan rai guda, ya tilasta wa mai karatu ya raba jita-jita da shaida shafi bayan shafi, ya fi ƙarfin abin hira.

Kirana ga marubutan Kabi da Sakkwato shi ne, kafin su ɗauki alƙalami, su zauna da tsofaffin 'yan sanda da magatakardan kotu da matan da ke wankan gawa, su kuma karanta babin jini a littattafan fiƙihu irin su Risala da Tuhufa. Waɗanda suka yi aiki a zamanin 'yan doka duk sun tsufa ƙwarai, kuma ba su da yawa.