Gawayin noma: Yadda yake gyara ƙasa, da iyakar abin da zai iya yi wa manomi lokacin fari

Gawayin noma, wanda masana kimiyyar ƙasa ke kira bayoca, gawayi ne da ake haɗawa daga ragowar amfanin gona domin a binne shi a ƙasa. A shekarun nan ana yawan ambatonsa a tarukan sauyin yanayi, a matsayin hanyar farfaɗo da gonakin da suka gaji da kuma taimaka wa shuka ta jure ɗaukewar ruwa a tsakiyar damina. Bincike ya tabbatar da wani ɓangare na wannan da'awa, ya kuma nuna sharuɗɗan da ba a cika faɗa wa manoma ba.

Yadda ake yin sa

Ana gasa busasshen ɓuntun shinkafa, ko totuwar masara, ko ɓawon gyaɗa, ko kara, a zafin da ya kai digiri 300 zuwa 700 a ma'aunin Salsiyos, a wurin da iska ba ta shiga sosai. Ƙarancin iskar ne ke hana kayan zama toka. Hanya mafi sauƙi ita ce rami mai faɗin baki da tsukakken gindi: a kunna wuta a ƙasa, a riƙa zuba kayan kaɗan-kaɗan, kowane zubi yana toshe wa na ƙasansa iska, daga ƙarshe a kashe da ruwa. Cibiyar Ithaka ta ƙasar Suwizalan ce ta yaɗa wannan salo tun daga 2014 da sunan Kon-Tiki. Yawanci gawayin da ake samu bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin kayan da aka zuba ba.

Asalinsa

Dabarar ta girmi kimiyyar da ke nazarinta. A dajin Amazon na Birazil akwai wata baƙar ƙasa mai albarka da ake kira terra preta, wadda mazauna yankin na dā suka samar ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ta hanyar tara gawayi da ƙasusuwa da sakaina da sharar gida. Har yau tana ba da amfani fiye da jar ƙasar da ke kewaye da ita. Masanin ƙasa ɗan Holan, Wim Sombroek, ya ja hankalin duniya gare ta a littafinsa na 1966.

A 2016 wasu masu bincike suka wallafa rahoto kan irin wannan baƙar ƙasa a kewayen ƙauyuka a Laberiya da Gana, inda mata suka daɗe suna zubar da toka da gawayin murhu da ragowar abinci. A ƙasar Hausa ma, manoman karkarar Kano sun daɗe suna ɗibar takin juji daga birni a kan jakuna, kuma toka da ɓurɓushin gawayi na cikin abin da ke ƙara wa takin ƙarfi.

Abin da yake yi wa ƙasa

Gawayi cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kamar soso. Ramukan suna riƙe ruwa, suna kuma riƙe sinadaran taki da ruwan sama kan wanke zuwa ƙarƙashin da saiwa ba ta kaiwa. Ƙananan halittu masu ruɓar da ganye su ma suna samun mafaka a ciki. Ban da haka, yawancin gawayi yana rage tsamin ƙasa, kuma ƙasa mai tsami takan hana shuka cin moriyar takin da aka zuba mata.

Takin dabbobi kan ruɓe ya ƙare cikin damina kaɗan a ƙasa mai zafi, shi kuwa gawayi yana iya daɗewa shekaru ɗaruruwa. Wannan ne ya sa Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan Sauyin Yanayi ya lissafa shi, a rahotonsa na 2018, cikin hanyoyin cire kabon daga iska.

Abin da bincike ya gano

Wani nazari na 2011 da Simon Jeffery ya jagoranta, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, ya gano ƙarin amfanin gona na kusan kashi 10 cikin 100 a matsakaici. A 2017 shi da abokan aikinsa suka sake duba batun, suka ga ƙarin ya kai kusan kashi 25 cikin 100 a ƙasashe masu zafi, a ƙasashe masu sanyi kuwa kusan babu wani canji. Dalilin da suka bayar shi ne ƙasar yankuna masu zafi ta fi tsami da ƙarancin sinadarai, don haka ta fi buƙatar gyaran.

A Kenya, wani gwaji da aka wallafa a 2019 ya nuna gonakin masara da waken soya sun ci gaba da ba da ƙarin amfani har shekara 10 bayan zuba gawayin. Sai dai tan 100 aka zuba a kowace hekta, adadin da ƙaramin manomi ba zai iya tarawa ba.

Dangane da fari, nazarce-nazarce sun nuna ƙasa mai rairayi ce ta fi samun ƙarin riƙon ruwa, ƙasa mai laka kuma ƙarin nata kaɗan ne. Wannan ya shafi gonakin jigawa na arewacin Najeriya da kudancin Nijar kai tsaye. Abin da gawayin ke yi shi ne tsawaita kwanakin da damshi ke ɗauka a gindin shuka idan ruwa ya ɗauke na ɗan lokaci. Idan damina ta ƙi gaba ɗaya, kamar a 1973 da 1984, babu ruwan da zai riƙe.

Inda gizo ke saƙa

Gawayi shi kaɗai ba taki ba ne. Idan aka zuba shi ɗanye, yakan tsotse sinadaran da ke ƙasa a farkon damina, shuka ta yi rawaya. Saboda haka ake cakuɗa shi da takin dabbobi ko fitsarin shanu, a bar shi ya jiƙa na wasu makonni, sannan a zuba a ramin shuka maimakon watsawa a duk gona.

Matsala ta biyu ita ce kayan haɗi. A arewa kara ba shara ba ne, da shi ake danni da rufi da girki, da shi kuma dabbobi ke ƙetare rani. Idan aka koma ga itace, dabarar za ta ƙara wa saran daji wuta. Abin da ya fi dacewa shi ne ɓuntun da ke tulewa a masana'antun casar shinkafa na Kano da Kebbi da Jigawa, wanda galibi ƙone shi ake yi a banza.

Kuɗi da siyasa

A 2006 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja na kai amfani da takin zamani zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, kuma ba a cika alƙawarin ba. Tsadar taki bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ta ƙara nisanta shi daga talaka. Taron da Tarayyar Afirka ta yi a Nairobi a watan Mayun 2024 ya haɗa batun taki da na lafiyar ƙasa, domin takin da aka zuba a matacciyar ƙasa yawancinsa asara ne.

A ɗaya gefen kuma, manyan kamfanoni irin su Microsoft suna biyan kuɗi don sayen shaidar kabon da aka binne ta hanyar gawayin noma. Najeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021, wadda ta samar da majalisar ƙasa mai kula da irin waɗannan al'amura. Duk kamfanin da ya zo ƙauye da shirin gawayi, akwai abubuwa uku da ya kamata a nemi amsarsu a rubuce: daga ina kayan haɗin za su fito, wa ya mallaki shaidar kabon, kuma nawa ne kason manomin da aka binne gawayin a gonarsa.