Gwamnan da aka ɗaura wa sunansa jelar ƙadangare

Duk bayan shekara goma, idan Amurka ta kammala ƙidayar jama'a aka shiga sake shata mazaɓun kujeru 435 na majalisar wakilai, kalma ɗaya ce ke cika bakin lauyoyi da 'yan jarida: jerimanda. Abin da take nufi shi ne jam'iyya mai mulki ta zana iyakokin mazaɓu yadda za su yi mata daɗi. Ko dai ta cusa magoya bayan 'yan adawa a mazaɓa guda, su ci ta da rinjayen da bai ƙara musu komai ba, ko ta yayyanka su ta watsa cikin mazaɓu da yawa, ko'ina su zama 'yan tsiraru. Rabin kalmar sunan mutum ne, rabi kuma sunan dabba.

Mutumin shi ne Elbridge Gerry na jihar Massachusetts, kuma ba ƙaramin mutum ba ne. Da shi aka sa hannu a takardar shelar 'yancin kai ta 1776. A taron Philadelphia na 1787 yana cikin mutum uku da suka ƙi sa hannu a kundin tsarin mulki, ɗaya daga cikin dalilansa kuwa shi ne ba a jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa a ciki ba. Yana mataimakin shugaban ƙasa James Madison ajali ya riske shi a 1814. Duk wannan sai ɗaliban tarihi ke tunawa.

Abin da ya bi shi ya faru ne a Fabrairun 1812, yana gwamna. 'Yan jam'iyyarsa suka kawo masa dokar sake raba mazaɓun majalisar dattawan jiha, ya sa hannu, ko da yake masu tarihi sun ce ba da son ransa ba. Wata mazaɓa a gundumar Essex ta fito siririya, ta lanƙwasa ta zagaye gefen gundumar. A watan Maris jaridar Boston Gazette ta buga taswirar, mai zane ya ƙara mata fukafukai da farata da haƙora, ta koma kamar wata halitta mai siffar ƙadangare da Turawa ke kira salamanda. Aka ɗauki sunan gwamna aka liƙa masa jelar sunan dabbar. Dabarar ta yi aiki, domin 'yan adawa sun fi samun ƙuri'u amma jam'iyyar gwamna ta kwashe kujeru 29 cikin 40. Shi kansa Gerry ya sha kaye a zaɓen gwamna na wannan shekarar.

Ƙarin abin haushi, ko sunan ba a furta masa daidai. Shi Geri ake kiransa, da irin sautin da ke farkon gero, amma yau kusan kowa da "j" yake farawa. Al'adar kuma ba ta mutu ba. A 2019 alƙalai biyar cikin tara na Kotun Ƙoli suka yanke cewa kotunan tarayya ba su da hurumin shiga rikicin shata mazaɓu don amfanin jam'iyya.

Mu ma mun san irin wannan raɗin suna, don dattawa har yau suna tuna ƙarin albashin da ake kira Udoji. Bambancin shi ne a Amurka galibi abokin hamayya ko mai zanen barkwanci ke yanka ragon. Herbert Hoover ya yi suna wajen ciyar da mayunwatan Beljiyam a Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma da tattalin arziki ya rushe a 1929 yana shugaban ƙasa, sai unguwannin bukkokin kwali da gwangwani suka zama garuruwan Hoover. Tsohuwar jaridar da marar gida ke lulluɓa da ita ta zama bargon Hoover, aljihun da aka zazzago babu ko sisi ya zama tutarsa. Sanata Joseph McCarthy kuwa shi ya jawo wa kansa. A 1950 ya fara zargin ma'aikatan gwamnati da kwaminisanci ba tare da hujja ba, mai zane Herblock na jaridar Washington Post ya mayar da sunansa sunan wannan ɗabi'a, majalisar dattawa ta tsawatar masa a 1954.

Shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya fi su sa'a. A 1902 ya je farauta Mississippi, aka ɗaure masa wani beyar a jikin bishiya, ya ƙi harbi. Zanen Clifford Berryman ya yaɗa labarin, masu kayan wasan yara suka fara ɗinka 'yar tsanar beyar da sunan Teddy, laƙabin da shi kansa ba ya so.

A ganina Barack Obama ne ya fi iya zama da wannan al'ada. 'Yan adawa ne suka yayata Obamacare don su muzanta dokar inshorar lafiya ta 2010. Maimakon ya yi ta musu, a yaƙin neman zaɓen 2012 sai ya karɓi sunan ya riƙa faɗa da bakinsa. A Yulin 2017 yunƙurin soke dokar ya faɗi a majalisar dattawa da ƙuri'a 51 da 49, cikin masu ƙin har da John McCain, mutumin da Obama ya kayar a 2008.