Ekluz ta Markala: ƙofar da jirage ke bi

Ga mutumin Tenhya, inda ruwa sai rijiya da tabkin damina, jirgi ya hau tudu abin mamaki ne. A Markala ta ƙasar Mali kuwa haka ake yi. Madatsar da aka gina kan kogin Isa tsakanin 1934 da 1947, don gonakin Office du Niger, ta tare hanyar jirage, sai aka haƙa musu mashigi a gefe mai ɗaki da ƙofofi biyu, wato ekluz. In jirgi ya shiga sai a rufe, a ƙara ruwan ɗakin ko a rage har ya daidaita da na gaba, sannan a buɗe. Masu kwale-kwale kan riƙe igiya nesa da ƙofa, domin ruwan da ke kwararowa na iya kifar da ƙaramin jirgi.