Gaɓar Binuwai: Lokacin da Teku ke Zuwa Garwa

Idan aka ce bakin teku a Kamaru, hankalin kowa sai ya koma Kribi ko Limbe. Kribi ce mai farin yashi, inda kogin Lobe ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Limbe kuwa yashinta baƙi ne, gadon aman wutar Dutsen Kamaru. Ɗan Garwa da ke son ganin ɗayansu sai ya hau mota zuwa Ngaoundéré, ya kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Yaoundé, sannan ya sake neman wata motar. Shi ya sa yaranmu ke ɗaukar teku abin mutanen kudu. Amma akwai zamanin da jiragen da suka taso daga bakin teku ke ɗaure igiyarsu a nan Garwa, kuma wannan ne ya mai da garin abin da yake a yau.

Kafin zuwan Fulani, Bata da Fali ne ke zaune a wannan kwari. A farkon rabin ƙarni na 19 Modibbo Haman Njundi ya kafa Garwa a ƙarƙashin tutar Modibbo Adama na Yola. Wurin ya yi wa fatake daɗi, domin ga kogin Binuwai, ga kuma Mayo Kebbi yana shigowa cikinsa gabas da gari kaɗan. Hausawa da Barebari suka riƙa zuwa da tufafi da kanwa da kayan ƙira, suna komawa da hauren giwa, har da bayi, wanda shi ma wani ɓangare ne na tarihin da bai kamata a ɓoye ba. Unguwar Hausare tana nan tana shaidar wannan zama.

Turawa sun daɗe suna neman hanyar ruwa da za ta shigar da su tsakiyar Afirka. A watan Yunin 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya tsaya a inda Faro ke haɗuwa da Binuwai, yamma da Garwa. Labarin da ya aika ne ya sa a 1854 William Baikie ya hauro kogin da jirgi mai tururi. Bai kai Yola ba, amma ya tabbatar wa Turai cewa da damina ana iya tasowa daga teku, a bi Kwara zuwa inda Lakwaja take a yau, a karkata cikin Binuwai. Daga nan idon Ingila da Jamus da Faransa ya dawo kan wannan gaɓa.

A 1901 Ingilishi suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fito, sai ya yi karo da Jamusawa a Garwa cikin watan Nuwamba, suka rinjaye shi. Jamusawa suka gina ganuwa da ramukan yaƙi masu ƙarfi, har harin farko da Ingilishi suka kawo a watan Agustan 1914 ya watse. Abin da ya karya Jamusawa a watan Yunin 1915 shi ne manyan bindigogi, ciki har da igwar jirgin yaƙi da Ingilishi suka jawo ta kogin nan. Wato hanyar da ta kawo gishiri da yadi, ita ce ta kawo igwa.

A zamanin Faransa tashar Garwa ta zama ƙofar arewacin Kamaru, har da wani sashe na Chadi. Sai dai ƙofa ce mai buɗewa na ɗan lokaci. Ruwa ba ya isa ɗaukar manyan jirage sai wajen Agusta zuwa Oktoba. A cikin waɗannan makonni ne jiragen kamfanoni irin su John Holt da UAC ke isowa daga Burutu da Warri, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, ɗauke da gishiri da siminti da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa. Duk abin da bai shiga jirgi ba kafin ruwa ya janye, sai baɗi. Saboda haka dare da rana 'yan dako ba su hutawa, masu abinci da masu masauki suna cin kasuwarsu, kuɗin shekara ana samun sa cikin wata biyu ko uku.

Abubuwa uku suka kashe wannan harka. Na farko yaƙin basasar Najeriya daga 1967 zuwa 1970, wanda ya toshe ƙasan Kwara. Na biyu layin dogo da ya iso Ngaoundéré a 1974, shekarar da aka kafa Sodecoton. Auduga ta sami hanyar Douala wadda ba ta jiran damina, ba ta kuma ratsa ƙasar wani. Na uku madatsar Lagdo, wadda 'yan China suka gina tsakanin 1977 da 1982, a zamanin Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa. Ta riƙe ambaliyar da ke ɗaga jirage, yashi kuma ya ci gaba da cike hanyarsu.

Lagdo ta kawo alheri, ba mai musu. Daga can wutar Garwa da Maroua ke fitowa. Tafkinta ya jawo masunta daga Chadi da Najeriya da Mali, ya kuma ba mu wurin shan iska mafi kama da bakin teku a duk arewa: ruwa iya ganin ido, tsibirai, da dorinar ruwa. Amma manoman masakwa da ke dogara da laimar da ambaliya ke bari sun ji jiki. Makwabtanmu ma suna ji. A 2012 da 2022, bayan an saki ruwan madatsar a kan mamakon damina, garuruwa da dama daga Adamawa har Lakwaja sun nutse, madatsar Dasin Hausa da aka ce Najeriya za ta gina don tare shi kuwa har yau ba ta tabbata ba.

Yau wanda ya tsaya kan gadar Binuwai da rani zai ga faffaɗan rairayi, masu wanki sun shanya kaya, yara suna ƙwallo, masu ɗiban yashi suna loda motoci, lambuna sun yi kore a gefe. Tashar kuwa shiru. Yawancin matasan da ke wucewa a kan babur ba su san jirgi ya taɓa tsayawa a nan ba.

Wataƙila manyan jirage ba za su dawo ba, domin yashe kogi aiki ne na kuɗi mai yawa da yardar ƙasashe biyu. Amma akwai abin da ke hannunmu. Tsofaffin da suka yi dako a tashar suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ya kamata gidajen rediyo da makarantu su naɗi muryoyinsu tun suna raye. Ya kamata a tsara ɗiban yashi, a hana zubar da shara a gaɓa, a adana abin da ya rage na gine-ginen tashar. Baƙin da suka cika gari lokacin gasar cin kofin Afirka a 2022 sun ga filin wasa na Roumdé Adjia. Da an shirya, da sun ga inda tarihin garin ya faro.