Daga ingarma zuwa tokumbo: yadda muka koyi auna mutum da motarsa

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Wani abu ne ya faru da ni makon jiya, ya hana ni sukuni har sai da na zauna na bi tarihinsa.

Sashenmu ya shirya taron ƙara wa juna sani a wani otal da ke cikin gari, kuma ina cikin masu gabatar da takarda. Na saka farar shadda da hula, na shiga tsohuwar Peugeot 406 ɗin da babana ya bar mini amfani da ita tun da na fara digiri na biyu. Ina isa ƙofa mai gadi ya dubi motar, ya dubi hulata, sai ya nuna mini can bayan gini da hannu. Da turancin buroka ya ce direbobi can suke ajiye mota su jira oga. Na ce masa ni ne baƙon da aka gayyata. Ya yi dariya, ya ce "aboki, daina wasa". Sai da na nuna masa katin gayyata kafin ya buɗe mini.

Wallahi raina ya ɓaci, har na hau mumbari zuciyata na tafasa. Amma da na dawo ɗaki da dare sai wata tambaya ta tsaya mini a wuya: me ya ɓata mini rai ne? An ce da ni direba. To babana direban tirela ne, ya fi shekara talatin yana ɗauko albasa da shanu daga Arewa zuwa Legas. Da kuɗin tuƙin nan aka biya mini makaranta tun daga firamare. Ashe ni ma a can ƙasan zuciyata ina ɗaukar sana'ar ubana a matsayin zagi. Wannan ya fi maganar mai gadin yi mini ciwo.

Da yake tarihi nake karanta, sai na ce bari in bi abin daga tushe.

Kafin mota, doki ne ma'aunin. A ƙasar Hausa sarakuna da hakimai da attajirai ne ke riƙe ingarma, domin ciyar da doki ba wasa ba ne: ga dawa, ga harawa, ga kanwa, ga mai kula da barga. Talaka yana da jakinsa ko ƙafarsa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro da jakuna suka yi arzikinsu, amma ba wanda ya taɓa yi wa jaki kwalliyar hawan sallah. Ku lura da wani abu a nan. Wanda ke kan doki shi ke samun gaisuwa. Zagin da ke tafe a gaba, da mai wanke dokin da ya san halinsa da ciwonsa fiye da mai shi, ba a ma tambayar sunansu. Girma na wanda aka ɗauka ne, wanda ya san dabbar kuwa bara ne. Wannan tsari shi muka kwaso muka ɗora wa mota. Har yau babban mutum ba ya zama a gaba, yana can kujerar baya ta hannun dama, wani na tuƙa shi.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, daga baya manyan motoci suka fara kwaso kaya daga ƙauyuka zuwa tashoshin jirgi. A nan aka haifi sabuwar sana'a. Direban farko-farko mutum ne da ake kallo da mamaki da kuma zargi lokaci guda. Ya ga garuruwan da ba wanda ya gani a unguwa, yana jin ɗan Yarbanci da ɗan turanci, yana da kuɗi a aljihu, amma ba ya kwana a gida. Mutanen da suka saba da manomi da maƙeri da malami, waɗanda kullum ana ganinsu a sahun sallah, sai suka rasa inda za su ajiye mutumin da ke ɓacewa mako biyu. Daga nan maganganun suka fito: direba yana da mata a kowace tasha, direba mashayi ne, ba a ba direba 'ya. Yaron motarsa kuwa aka raɗa masa "karen mota". Marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa sukutum, a lokacin da yawancin makaɗa sarakuna da masu kuɗi suke yi wa. Shi ya ga mutum a inda jama'a ke ganin datti da baƙin mai.

Motar hawa ta shiga hannun ma'aikaci sosai ne a shekarun 1970. Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur ya shigo. Kwamitin Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, gwamnatin Gowon ta ƙara albashi har da biyan ariyas, mutane suka wayi gari da kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Akwai Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, da ANAMMCO a Inugu mai haɗa manyan motocin Marsandi. Gwamnati na ba ma'aikata rancen mota. Malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci ya sayi Beetle, wadda Yarbawa ke kira "ijapa", wato kunkuru. Wanda ya ɗan ɗara shi ya hau Fijo 504. Alhajin da ya yi kuɗi a kwangila ko fatauci ya sayi Marsandi. A wancan zamanin kam in ka ga motar mutum za ka iya hasashen matakin albashinsa, kuma da wuya ka yi kuskure, domin sabuwa ce kowa ke saya, farashinta sananne ne.

Ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe Janar Murtala Muhammad a cunkoson motoci a Legas. Baƙar Marsandin da yake ciki tana nan a gidan tarihi na Onikan, da ramukan harsashi a jikinta. Na je na gan ta bara. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙanƙantarta idan ka gwada da jerin gwanon da shugaban ƙaramar hukuma ke yawo da shi yau. Bayan rasuwarsa gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, aka mayar da Peugeot 504 motar jami'an gwamnati. Shi ya sa iyayenmu suka taso suna ganin Fijo a matsayin motar hukuma, motar mutumin kirki mai aikin yi. Wannan ƙauna ce ta bi 505 har ta kai 406, musamman a Arewa inda masana'antar take, inda kowane bakanike ya san cikinta kamar tafin hannunsa. Motar da mai gadi ya gani ya ce ta direba ce, shekara ashirin da suka wuce manyan sakatarori ne ke zaune a bayanta.

Sai aka zo 1986. Gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi. Nairar da a 1980 ta fi dala ƙarfi ta koma tana rarrafe. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antun harhaɗawa suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Sai kasuwar motocin da Turawa suka gama hawa ta buɗe, ta tashar jiragen ruwan Legas da ta Kwatano. A Arewa muka ce "Beljiyam". A nan Kudu suka ce "tokumbo", sunan da Yarbawa ke ba yaron da aka haifa a ƙetare. Ku dubi abin dariya: tsohuwar mota da wani ya yar a Turai ta samu sunan ɗan gata.

Daga nan ne mota ta daina faɗin gaskiya game da mai ita. Marsandin da ta shekara goma sha biyar a Jamus na iya zuwa da arha fiye da ƙaramar Toyota mai ƙarancin shekaru. Tambarin gaban mota ya rabu da nauyin aljihu. Da lissafin ya rikice sai muka koma raɗa wa motoci suna don mu ci gaba da jera mutane sahu-sahu. Honda Accord ta farkon shekarun 1990 ta zama "Hala". Ta 2003 aka ce mata "End of Discussion", wai in ka saye ta magana ta ƙare. Da aka ɗan sauya mata fasali sai aka ce "Discussion Continues", magana ta dawo sabuwa ke nan. Ta 2008 kuwa "Evil Spirit". Camry ta samu nata: "Orobo", "Big Daddy", "Muscle". Ku tambayi kanku ina waɗannan motocin suke yau. Wadda aka ce ta rufe magana tana nan ana haya da ita, ko tana fake a garejin bakanike an ɗora ta kan dutse.

Yanzu kowace mota da hukuncin da muka yanke wa mai ita kafin ya buɗe baki. Saurayi a GLK ko Lexus, ɗan damfarar intanet ne. Corolla mai tsabta a Legas, tun da Uber ta shigo a 2014, direban haya ne. Golf ko Sharan a hanyar Kano zuwa Katsina, mai gudun ganganci ne da ya cusa mutum biyu a kujerar gaba. Fijo da hula a Kudu, aboki ne ya kawo oga. In mota ta yi jinkiri a mahaɗa, kafin a leƙa an ce "mace ce". Mu ma da muke kukan ana yi mana kuɗin goro, haka muke yi wa wasu. Sau nawa muka ga ɗan Kudu a mota mai tsada muka ce ai ka san su?

Kada wani ya ce wannan hira ce kawai ta majalisa. Irin wannan zato yana kashe mutane. Cikin ƙorafe-ƙorafen da suka fito da matasa titi a zanga-zangar EndSARS ta Oktoba 2020 akwai tare samari a hanya don kawai an gan su da mota mai kyau, ko waya mai tsada, ko kwamfutar tafi-da-gidanka. Wani abokin karatuna ya ari motar yayansa don ɗauko mahaifiyarsu daga filin jirgi, ya shafe awa biyu a wani shingen bincike yana rantsuwa cewa ɗalibi ne. Ni tsohuwar mota ta sa aka raina ni, shi sabuwa ta sa aka zarge shi. Ma'auni ɗaya ne ya cuce mu duka biyu.

Ba na cewa duk abin da ake faɗa kan direbobi ƙage ne. Akwai gudun wuce kima, akwai lodi fiye da ƙa'ida, akwai masu shan ƙwaya don kada barci ya ɗauke su. Yawan haɗurra ne ya sa aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Amma na tambayi babana dalili, ya ce: "Ɗana, mai mota yana jiran kuɗinsa cif-cif ko an samu fasinja ko ba a samu ba. Ga kuɗin tasha, ga na shinge, ga mai, ga taya. Tumatir kuma ba ya jiran ka yi barci." Wanda ke zaune a kujerar baya yana ƙirga riba shi ne alhaji mai mutunci, wanda ya kwana uku idonsa biyu shi ne ɗan iska. Labarin zagi da mai doki ne bai canza ba. Duk ranar da direbobin nan suka ajiye makulli, kwana kaɗan ake yi farashin albasa da tumatir da nama ya tashi a kasuwar Mile 12, a nan ne ake tuna cewa su mutane ne masu amfani.

Dalilin da ya sa na rubuto muku musamman shi ne abin da nake gani a tsakaninmu. Na san ɗalibin da ya cinye kuɗin bincikensa a kan gyaran tsohuwar Marsandi don kada a gan shi a keke napep. Na san wanda ya ci bashi ya sayi mota saboda zai je gaishe da iyayen yarinya, yau motar na fake a gaban hostel, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 bai iya cika mata tanki ba. A sashenmu kuwa farfesan da ya fi kowa wallafa littattafai da wata tsohuwar Corolla mai fashin gilashi yake zuwa aiki, wani lokacin ma a bas. Hausawa sun gama magana: wanda ya hau motar kwaɗayi, a tashar wulaƙanci zai sauka.

Cikin shekara hamsin kacal, Beetle ta tashi daga abin alfahari zuwa abin dariya, Fijo ta tashi daga motar gwamna zuwa motar "aboki", tokumbo ta tashi daga abin kunya zuwa burin kowa. Abin da ke juyawa haka duk bayan shekara ashirin bai isa ya auna darajar ɗan Adam ba. Iyakar abin da mota ke nunawa shi ne farashin dala, da dokar kwastan, da arhar kayan gyara a garinku.

Na koma otal ɗin washegari ɗaukar cajar da na manta. Mai gadin ya gane ni, ya tashi tsaye yana ba ni haƙuri, yana cewa bai san ni malami ba ne. Na ce masa ba komai, ai bai yi kuskure sosai ba, ni ɗan direba ne. Daga nan na kira babana. Yana Jebba a lokacin, taya ta fashe, suna jiran yaron mota ya dawo da faci. Na ce, "Baba, ina so in ka dawo ka ba ni labarin yadda ka fara tuƙi, daga farko, zan rubuta." Ya yi dariya ya ce, "Kai da ke karanta tarihin sarakuna, me za ka yi da tarihin tasha?" Na ce masa shi ne wanda ba a rubuta ba.

Duk wanda a cikinmu mahaifinsa direba ne, ko bakanike, ko ɗan kamasho, ko mai faci, ya daina lanƙwasa harshe idan an tambaye shi sana'ar babansa. Allah Ya tsare mana su a kan hanya, Ya dawo da su gida lafiya.