Daga Sikelin Auduga Zuwa Hancin Girafin

A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a birnin Manchesta, wadda daga baya ta girka injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Manomi kan kai audugarsa kasuwa, a ɗora bisa sikeli, malamin awo ya faɗi nauyi. Gaskiyar sikelin ba ta tabbata sai an aza masa ƙarfen da aka san nauyinsa.

A Manchestan nan, a 2004, Geim da Novoselov suka ɓare girafin, fallen sinadarin gawayi mai kaurin ƙwayar zarra guda. A 2007 aka nuna yana jin saukar ƙwayar gas ɗaya tak a kansa. Sai dai tsohuwar larurar sikeli ta biyo shi: laima da zafi na karkatar da awonsa, tilas a riƙa shaƙa masa gas sanannen adadi ana saita shi.

Ɗakunan ajiyar masara na Funtuwa, inda ake turara fosfin mai kashe ƙwari har da mutum, suna buƙatar irin wannan hanci. Amma wanda aka saita cikin busasshen hunturu, laimar Agusta na iya sa shi ƙarya ga lebura mai buɗe ƙofa.